Kashe Fitila Ba Shi Ne Gyara Ba

[Kiɗan buɗe shiri, sannan a rage sauti]

MAI GABATARWA: Gaisuwa ta musamman ga direbobi da yaran mota da kanikawa na Adabka da Nasarawar Burkullu da cikin garin Bukkuyum, da na Anka, da na Ɗaki Takwas har zuwa Gummi. Wanda ke bisa hanya, Allah ya sauke shi lafiya. Wanda ke ƙarƙashin mota da sifana a hannu, Allah ya sa albarka a guminsa.

Maganarmu ta yau a kan abu ɗaya ce. An kai mota gareji, an jona mata kwamfuta, an ce ga ciwonta, an sayi kaya an ɗaura. To, ta yaya mai mota zai tabbatar gyaran ya yi, kafin ya biya cikon kuɗi, kafin kuma ya ɗebi fasinja ko iyalinsa ya kama hanya?

A wani gari, in mota ta mutu a hanya, asarar ba ta wuce ta lokaci da kuɗin janwe ba. A yankinmu kowa ya san abin ya fi haka nauyi. Tsakanin gari da gari akwai daji mai nisa, akwai wuraren da waya ba ta samun sabis, ga kuma halin rashin tsaro da muka shafe shekaru muna fama da shi. Direban da ya taso daga Gusau, ya karya kwana a Mayanci ya nufo Anka, ko wanda ya bar Gummi bayan la'asar, ko faci ba ya fatan yi, balle inji ya tsaya masa da mata da yara a cikin mota. Shi ya sa a wurinmu tabbatar da gyara yana cikin kiyaye rayuka.

Mu fara da ita kwamfutar, mu san abin da take faɗa da abin da ba ta faɗa.

Motocin zamani suna da ƙwaƙwalwa, wani ƙaramin akwati da ke karɓar rahoto daga sensa iri-iri. Wata tana auna zafin ruwa, wata tana auna iskar da ke shiga inji, wata tana lura da juyawar karanshaf, wata kuma tana jikin salansa tana auna hayaƙin da ke fita. Da zarar rahoton ɗaya ya kauce daga yadda aka tsara, ƙwaƙwalwar sai ta rubuta lamba ta ajiye, ta kunna wa direba fitilar nan mai ruwan ɗorawa da siffar inji, wadda muke kira fitilar cek. Tun shekarar 1996 dokar Amurka ta wajabta wa ƙananan motocin da ake sayarwa a can wani tsari guda mai suna OBD-II. Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur, a 2004 kuma ga na dizal. Saboda haka mafi yawan motocin da ake shigo mana da su suna da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, nan ake jona na'urar bincike.

Lambar da na'ura ke fitarwa tana nuna inda za a duba ne. Ba ta faɗin abin da za a saya. Ɗauki P0301, wato harafin P da sifili, uku, sifili, ɗaya. Ma'anarta silinda ta ɗaya tana tsallake wuta. Amma me ya jawo? Yana iya zama fulogi, yana iya zama kwayil, ko nozul ya toshe, ko ɓera ya ci waya, ko kuwa bawul ya ƙone matsin silindar ya ragu. Lamba ɗaya, dalili biyar, kuma kuɗin gyaransu ba ɗaya ba ne. Haka ita ma P0171, wadda ke cewa iska ta yi wa mai yawa. Sau da yawa sai a ruga a sayi sabuwar sensar salansa, alhali ita gaskiya ta faɗa. Laifin na wani tiyo ne da ya tsage yana zuƙar iska, ko famfon mai ya yi rauni, ko ƙurar hunturu ta rufe sensar iska. In an canza abin da ba shi ne ya lalace ba, kuɗi sun tafi, ciwo yana nan.

Ga kuma inda aka fi cutuwa. A jikin kowace na'urar bincike akwai maɓallin share lambobi. Ana danna shi, cikin daƙiƙa kaɗan fitilar cek ta mutu, ko an taɓa inji ko ba a taɓa ba. A motoci da yawa cire kan batir ma yana yin wannan aikin. Kuma ƙwaƙwalwar mota ba ta da gaggawa: matsaloli da dama sai ta gan su a tafiya biyu a jere kafin ta sake kunna fitila. Shi ya sa mutum zai bar gareji cikin farin ciki, bayan kwana biyu ko uku fitila ta dawo, ya ce an yi masa asiri ko motar ce mai ƙashin tsiya. Babu asiri a ciki. Lambar aka share, aka bar ciwon.

Ku saurari yadda ya kamata ciniki ya kasance tsakanin mai mota da bakanike.

[Ƙarar inji da bugun ƙarfe a gareji]

BAKANIKE: Alhaji, ga makullinka. Duba gaban mota ka gani, fitila ta mutu.

MAI MOTA: Madalla, Malam, sannu da aiki. Amma mi kwamfuta ta ce tun farko?

BAKANIKE: Silinda ta biyu ke tsallake wuta. Kwayil na canza.

MAI MOTA: Ina tsohon?

BAKANIKE: Ga shi nan bisa benci. Kafin in ce ka saya, sai da na musanya shi da na silinda ta uku, matsalar ta bi shi can. A nan na tabbata shi ne.

MAI MOTA: To, ka ga hankalina ya fara kwanciya. Sai dai wagga mota ba ta fizga sai ta yi zafi, kuma sai ina hawan tudu da kaya. Mu zagaya tare, ka riƙe na'urarka a hannu.

BAKANIKE: Gaskiyarka, Alhaji. Kai yaro, rufe bonet ka ɗauko kwamfuta!

[Ƙarar mota ta tashi, a rage sauti]

MAI GABATARWA: Kun ji dai. Ba a yi faɗa ba, ba a zargi kowa ba. Mai mota ya tambayi lamba, ya nemi tsohon kaya, ya faɗi halin da motar ke nuna ciwonta. Shi kuma bakanike ya gwada kafin ya sa a kashe kuɗi. Musanyar da ya yi tsakanin silinda biyu ba ta cin ko sisin kwabo, amma ita ce ta raba sani da zato.

Tabbatar da gyara yana farawa ne tun kafin a kwance noti ɗaya. Ranar da aka jona kwamfuta, ka ɗauki hoton allon da wayarka, ko ka rubuta lambobin a takarda. Ka roƙi mai na'ura ya buɗe maka shafin da ƙwaƙwalwa ta adana halin da mota ke ciki lokacin da matsalar ta faru: gudun da take yi, zafin ruwa, juyin inji, nauyin da yake ja. Wannan shafi yana da daraja ƙwarai, domin shi zai gaya muku yadda za ku gwada motar bayan gyara, kuma da an share lambobi shi ma ya tafi. Kai ma ka faɗi abin da ka gani dalla-dalla. "Motar ba ta da lafiya" bai isa ba. Ka ce da safe ce take ƙin tashi, ko sai ta yi tafiyar rabin awa take mutuwa, ko in an kunna esi take rawa a sulo, ko bayan ka ƙetare ruwa abin ya fara.

[Ɗan kiɗan tsakani]

Yanzu an ce maka aiki ya kammala. Kafin motar ta motsa daga gareji, ga abubuwan da za ka duba da idonka, domin gani ya kori ji.

Na farko, murɗa makulli wuta ta kawo, amma kada ka tayar da inji. Fitilun gaban mota za su kama gaba ɗaya, har da ta cek da ta baƙin mai da ta batir. Motar tana gwada ƙwayayenta ne. In ka tayar da inji sai su mutu. In kuwa fitilar cek ba ta kama ba tun farko, to ko ƙwanta ya ƙone, ko an cire shi, ko an liƙe shi da baƙin salatif. Ana yawan cin karo da wannan a motocin da suka bi hannu da yawa. Motar da aka rufe wa wannan fitila ba ta da hanyar gaya maka tana ciwo.

Na biyu, ka karɓi tsofaffin kayan da aka cire, ka ga kwalin sababbin. Ka tambaya ƙarara: sabo ne ko ɗan Baljiyam? Kowanne yana da wurinsa da farashinsa, kuma wani ɗan Baljiyam ɗin ya fi sabon jabu ƙarko nesa ba kusa ba. Ko daga Gusau aka kawo kayan, ko daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, haƙƙinka ne ka san abin da aka ɗaura maka.

Na uku, a buɗe bonet. Bi soket-soket da ido ka ga kowanne ya zauna ya kulle. Duba tiyo, ko an mayar da maɗaurinsa. Duba akwatin filtar iska, ko an rufe shi ruf, domin a ƙurar ƙasarmu 'yar ƙaramar kafa ta isa ta shigar da yashin da zai cinye ringi. Zaro ma'aunin baƙin mai, goge shi, mayar, sake zarowa ka ga ya tsaya tsakanin alamu biyu. Duba ruwan lagireto tun inji yana da sanyi. Sannan ka shimfiɗa farin kwali ko tsohuwar jarida a ƙarƙashin inji. Duk ɗigon da zai sauka, launinsa zai gaya maka daga inda ya fito.

Na huɗu, a tayar da inji yana da sanyi. In ciwon motar na ƙin tashi da safe ne, gwajin azahar ba ya nuna komai, sai a bar ta ta kwana a dawo da asuba. In ta tashi, kashe rediyon mota na ɗan lokaci, mun yafe maka, ka kasa kunne. Bayan ta ɗumama, a mafi yawan ƙananan motoci allura tana zama tsakanin juyi 600 da 900 a minti, ba hawa ba sauka, sitiyari kuma ba ya karkarwa a hannu. In akwai mita a garejin, a ɗora wa batir: inji a kashe ya nuna kusan bolt 12.6, inji yana aiki ya nuna tsakanin 13.5 da 14.5.

Na biyar, a bar ta tana aiki har ta kai zafinta, ka ga fanka ta tashi da kanta ta kuma tsaya da kanta. A nan zan ɗan tsaya, domin akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare. Mota ta ɗauki zafi, sai a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye tana juyawa dare da rana, a ce wai na ƙasar sanyi ne. Gaskiya ne a bazara zafinmu yana haura digiri 40. Amma injin mota an ƙera shi ne ya yi aiki a wajen digiri 90, ko a Gummi yake ko a Jamus. Injin da ba ya kaiwa zafinsa yana shan mai fiye da ƙima, yana saurin cinyewa, kuma ƙwaƙwalwarsa ba ta samun damar kammala binciken kanta. Abin da ya jawo zafin tun farko, ko lagireto ne ya toshe, ko famfon ruwa, ko murfi ya saki, ko gaskit, yana nan an lulluɓe shi. Ina kuma roƙon yaran mota: kada wanda ya buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Ruwan da ke ciki yana iya wuce tafasa, ya ƙona fuskoki da yawa.

[Ɗan kiɗan tsakani]

Sai gwajin hanya, wanda shi ne zuciyar maganar. Ƙa'idarsa guda ce: a mayar da mota cikin halin da take nuna ciwon. In da kaya take fizga, a gwada ta da nauyi. In a tudu ne, a nemi tudu. In sai ta yi zafi ne, zagaye ɗaya a bayan tasha bai wadatar ba. A ba ta minti 20 zuwa 30, a haɗa tafiyar cikin gari ta tsaya-ka-tashi da ta buɗaɗɗen titi. A riƙe gudu ɗaya na 'yan mintuna, kamar kilomita 80 a awa inda hanya ta ba da dama. A ɗaga ƙafa daga totur a bar ta ta gangara da kanta, sannan a tsaya a bar ta a sulo. A yi wannan da rana, a kusa da gari, a hanyar da aka san lafiyarta. Mutum biyu ake so: ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana kallon na'ura. Mai tuƙi ba ya karanta allo.

Me mai na'ura zai duba? Zafin ruwa ya hau ya tsaya, kada ya yi ta hawa. Akwai kuma wani awo da ke nuna yawan man da ƙwaƙwalwa ke ƙarawa ko ragewa don ta daidaita wuta. In yana wasa a cikin kashi 10 cikin 100, sama ko ƙasa, kanikawa suna ɗaukarsa lafiya. In ya kai 20 ko ya wuce, motar tana rufa wa wani ciwo asiri ne, ko da fitila ba ta kama ba tukuna.

In an dawo gareji, a sake binciken daga farko, kuma a buɗe shafi uku. Na ɗaya, lambobin da suka tabbata. Na biyu, lambobin da ke jiran tabbaci, wato waɗanda ƙwaƙwalwa ta gani sau ɗaya tana jiran ta sake gani kafin ta kunna fitila. In tsohuwar lambarka ta bayyana a nan, aiki bai ƙare ba, kada ka biya ciko. Na uku, jerin gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta. Duk lokacin da aka share lambobi, wannan jeri yana komawa "ba a kammala ba", kuma ba ya cika sai an yi tafiya. Wasu suna cika a rana ɗaya, wasu sai bayan kwanaki. Muddin gwajin da ya shafi ciwonka bai kammala ba, motar ba ta ba da shaidarta ba tukuna.

Masu shirin sayen mota, wannan ya shafe ku. Motoci da yawa suna nuna kilomita nawa aka yi tun da aka share lambobi. In dillali ya ce mota lafiyarta ƙalau, na'ura kuma ta nuna kilomita 5 kacal aka yi da sharewa, ka san akwai tambayar da za ka yi. Motocin Amurka daga samfurin 2010 zuwa sama suna da wasu lambobi da maɓalli ba ya gogewa, cire batir ma ba ya gogewa, sai ƙwaƙwalwar ta gamsu da kanta. Kuma a tsarin OBD-II, in an gyara ciwo da gaske, motar tana kashe fitilarta da kanta bayan tafiya uku a jere ba ta ga matsalar ba. Fitilar da ta mutu ta wannan hanya ta fi wadda aka kashe da yatsa abin dogaro.

Wannan ƙa'ida ta sake awo bayan magani, mutanen Anka da Bukkuyum sun san ta a wurin da ya fi mota muhimmanci. Lokacin da gubar dalma ta ɓulla a 2010 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, likitocin ƙungiyar MSF ba su tsaya ga ganin yaro ya warware a ido ba. Bayan an ba shi magani, sai an sake ɗibar jininsa an auna. Masu kwashe gurɓatacciyar ƙasa su ma sai sun sake auna tsakar gida bayan sun kwashe. Awon farko ya nuna ciwo, awo na biyu ne ke nuna an rabu da shi. Allah ya jiƙan yaran da muka rasa.

[Ɗan kiɗan tsakani]

Wani direba zai ce: "Malam, ni Golf nake ja, ko Kanta, ko tsohuwar J5, ina ruwana da kwamfuta?" Gaskiya ne, Golf 3 tun 1991 aka fara ƙera ta, kuma irin waɗannan motoci da yawa ba sa magana da ƙananan na'urorin da ke yawo a kasuwa. Amma gwajinsu yana nan, da ido da kunne da hanci da ma'auni.

In an buɗe kan inji an canza gaskit, ka tambaya ko an auna kan an ga bai lanƙwashe ba, ko kuma an ɗaure kusoshinsa bi da bi da sifana mai awo. Gaskit sabo a kan lanƙwasasshen kai ba ya daɗewa. Bayan an haɗa, inji yana da sanyi a buɗe lagireto a tayar: in kumfa tana ta tasowa ba ƙaƙƙautawa, har yanzu hayaƙi yana shiga ruwa. Juya murfin baƙin mai ka duba cikinsa, in ka ga abu fari-fari kamar madarar da aka dama, ruwa yana haɗuwa da mai. In an canza ringi ko an yi aikin bawul, a sa ma'aunin matsi a kowace silinda, a rubuta. Bai kamata bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kamar kashi 10 cikin 100 ba.

Sannan ka zagaya baya ka dubi salansa. Hayaƙi shuɗi, inji yana ƙona baƙin mai. Baƙin hayaƙi, mai ya yi wa iska yawa. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga silinda. Jar fitilar baƙin mai, mai siffar buta, dole ta mutu cikin daƙiƙa kaɗan da tayarwa. In ta kama kana cikin tafiya, nemi wuri ka kashe inji nan take, in ba haka ba zai buga. Ita ma fitilar cek, in ka ga tana ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, tsallaken wutar ya yi tsanani, rage gudu ka nufi gareji mafi kusa. Injin da aka yi wa babban aiki kuma yana son lallashi a kilomita 1,000 na farko: ban da lodi fiye da ƙima, ban da take totur har ƙasa, kuma a sauya baƙin mai da wuri.

Gwaji ba ya ƙarewa a ƙofar gareji. Mako na farko, kowace safiya kafin ka tayar, duba mai, duba ruwa, duba ƙasan da motar ta kwana. Lura da shan manta. In fitila ta dawo, kada ka bari a share sai an karanta. In tsohuwar lambar ce, koma wa wanda ya yi aikin. In wata ce daban, ƙila wani ciwo ne da na farko ya ɓoye, ko soket da aka taɓa wurin aiki.

A yi wa kanikawa adalci kuma, ba kowace dawowar ciwo ce laifinsu ba. A watan Fabrairun 2022 hukuma da kanta ta sanar cewa an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima, motoci da dama suka lalace a ƙasar nan. Man jarka da na kwalba da muke saye a bakin hanya ba ya rasa ƙura ko ruwa. Saboda haka ranar gwaji ka sha mai a gidan man da ka yarda da shi, don kada ka ɗora wa bakanike laifin mai. Haka motocin da ruwa ya shiga, kamar a ambaliyar da ta afka wa Gummi a watan Agustan 2024: tsatsa tana cin soket a hankali, ciwon ya riƙa zuwa yana tafiya har tsawon watanni. Irin wannan, a bar inji yana aiki a riƙa girgiza wayoyi ɗaya bayan ɗaya ana kallon na'ura, har a kama inda ke yankewa.

Kuma Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka karɓi mota daga babban gyara da safe, da hantsi ka yi lodin kasuwa ka shiga daji. Ba ta kwana ɗaya ko biyu tana zirga-zirga a cikin gari.

Yanzu gare ku, 'yan'uwana kanikawa da masu wayarin. Mun san gwajin hanya yana cin mai, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowace lita da lissafinta. Ku yi maganar man gwaji tun wurin ciniki, a san wanda zai saya. Lita biyu ko uku ba su kai kuɗin janwe ba, ba su kai zubewar suna ba. Ku ajiye littafi: kwanan wata, lambar mota, kilomita, lambar da kwamfuta ta fitar, kayan da aka canza, da sakamakon awo na biyu. Ku ba da wa'adi a kan aikin hannunku, ko da na mako biyu ne. In ba ka gano ciwo ba, ka ce ba ka gano ba, ka tura mutum wurin wanda ya fi ka kayan aiki. Wannan ba ya rage maka daraja, ƙara maka kwastoma yake yi. Yaran da kuke koya wa aiki suna kallonku. Wanda ya tashi ya ga maigidansa yana share lamba ya karɓi kuɗi, haka zai yi in ya buɗe nasa garejin. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da bayanin cewa mai sana'a yana ɗauke da lamunin kayan da aka danƙa masa ya yi aiki a kansu. Mota amana ce, rayukan da za ta ɗauka kuma amana ce mafi girma.

Ku ma masu motoci, ku sauke naku nauyin. Kada ku tsaya a kan bakanike kuna duba agogo. Ku biya kuɗin bincike da daɗin rai, domin sanin ciwo shi ne rabin aikin. Kada ka matsa a ɗaura maka kaya mafi araha, gobe ka dawo kana ɗaga murya. In saɓani ya taso, a kai wa shugabannin ƙungiyar kanikawa ta NATA ko na ƙungiyar direbobi a tasha, a ajiye tsohon kaya da hoton allo a gabansu. Da shaida a hannu, sulhu ba ya wuya.

Masu saurare, lokaci ya yi halinsa. Abin da nake roƙo ku riƙe shi ne: a rubuta lamba kafin a share, a karɓi tsohon kaya, a ga fitilar cek tana kamawa tana mutuwa, a gwada mota cikin halin da take ciwo, a sake jona kwamfuta bayan an dawo. Direban da ya ji wannan shiri, ya isar wa abokan aikinsa a tasha. Bakaniken da ya ji, ya fara da motar da ke gabansa yau. Kada wanda ya ɗauki fasinja a motar da ba a gwada ba.

Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya.

[Kiɗan rufe shiri]